Ƙasar da Na Zubar a Telwa

Yau in gini ya faɗi a Agadas, kamiyo, babbar motar kaya, ake kira ya kwashe ɓaraguzan, a kawo birki, wato bulon siminti. A ƙuruciyarmu ba haka ake yi ba, ni ma ban san dalili ba sai a damunar da na shiga lakwal, makarantar boko.

A shekarar ruwa ya kayar da bangon ɗakin kakata a tsohon gari, tukwanenta da gadonta suka koma filin Allah, ga hadari yana ta haɗuwa kan duwatsun Ayar. Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, magini ne. Da safe ya fita neman masu taya shi aiki, ya ce mini in gyara wurin. Na ɗaura wa jaki mangala, na yi ta jigilar tsohuwar ƙasar zuwa bakin Telwa, koramar da ke bayan gari, sawu bayan sawu har azahar. Na share wurin tas, na zauna ina jiran yabo.

Da ya dawo ya daɗe yana kallon filin. "Kai ɗan lakwal, ina bangon matata?" Na nuna hanyar Telwa. Kakata ta kwashe da dariya daga ƙarƙashin rumfa, ta ce, "Mijin nan nawa ya sake ni, har ɗakin ya kwashe!" Shi bai yi dariya ba. Sabuwar ƙasa sai ta kwana biyu a jiƙe kafin ta kama, tsohuwa kuwa da ruwa kaɗan take tashi, hadarin kuma ba zai jira mu ba.

Muka koma tare muna kwasowa. A hanya ne ya ba ni tarihin garin, ba irin na mushe, malaminmu na lakwal, ba. Ya ce Abzinawa ne suka zaɓi wurin don ayarin gishiri da na hatsi su riƙa haɗuwa, sarkinsu ya sauko daga duwatsu ya zauna, fatake daga Katsina da Kano suka biyo da harshen da muke yi. Ya ce garin ya sha watsewa, har akwai lokacin da kangaye suka fi mutane yawa, kuma duk wanda ya dawo da ƙasar ɗakin ubansa yake tada nasa. Ya fasa wani curi, sai ga gutsuren kasko da shuɗiyar tsakiya, dutsen adon mata. "Ka gani? Hannun mutane ka zubar."

Mun kwaɓa, mun tada bangon, ruwa ya sauka bayan kwana uku kakata tana cikin ɗakinta.

Daga baya na ga Tumbutu da Fas da Marsai, na ji tarihin birane da harsuna huɗu, amma ba inda aka sa mini shi a tafin hannu kamar ranar nan. Na gode wa Allah da Ya ba ni wannan tsoho. Shi ne magini na ƙarshe a zuriyarmu; a cikin jikokinsa babu wanda ya iya kwaɓa ƙasa, har da ni.