Gonar Bakin Rafi da Turken Haske

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Sheme uba ba ya yi wa ɗan fari magana kai tsaye. Kunya ce. Duk abin da Baba yake so in ji, ta bakin ƙanensa Baffa yake biyowa.

Shekarar da na zo hutu daga jami'ar da nake binciken kimiyyar fiziks a ƙasar waje, Baffa ya tsare ni a zaure da hantsi, Baba na gefe yana tufka igiyar shanu. Saƙon gajere ne: ko in dawo in karɓi gonar bakin rafi, ko a ba ƙanena.

"Shekara huɗu kana kiwon abin da ido bai gani," in ji Baffa. "Mi ka samu?"

Raina ya ɓaci matuƙa. Baba, mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa tambayata aikina ba, shi ne zai yanke masa hukunci? Sai na juya na fuskanci Baba, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Baba, ƙwayoyin zarra muke kamawa, 'yan mitsi-mitsin da aka gina komai da su. Mu sanyaya su, mu ɗaure kowace a turkenta da wani siririn haske mai ƙarfi da ake kira leza, layi-layi. Akwai abubuwan da lantarki bai ratsa cikinsu, gefe kawai yake bi, kamar shanu a burtali, in ya tarar da cikas ya kewaye. Lissafinsu ya gagari kwamfuta, shi ya sa muke kwaikwayonsu da zarra. Sai bara ƙwayoyin nawa suka fara bin gefen. Wallahi ba ni barinsu."

Baffa ya saki salati, ya ce boko ya cinye mini kunya. Ban ba shi haƙuri ba, har yau kuwa.

Baba bai ɗago ba. Ya gama tufkarsa tsaf, ya ƙulle bakin igiyar, sannan ya dubi Baffa.

"Ka ce mashi gonar ta ƙanenshi ce daga yau. Ka ce mashi kuma can inda za shi, ya riƙa salla kan lokaci."

Gonar nan ta yi mini ciwo, don a cikinta na koyi riƙon fartanya. Washegari da babur ya ɗauko ni zuwa tasha muka bi ta gefenta, har ƙanena ya fara kai taki. Ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa, na ce wa mai babur ya ƙara wuta.