Na zare wayar hedifon gaban Baba Malam

Jama'a, yau na rama, kuma ko a jikina!

Tun ranar da Baban Ummi ya sayo ƙaton hedifon da ɗan akwatin ƙara sauti ya jona ma kwamfutarshi, hankalina bai kwanta ba. In ya ɗora shi ga kunne, ko gidan ya rushe ba ya ji. Ya ce ma mahaifinshi, Baba Malam, wai na sauraren karatu ne.

Yau na bar mashi Ummi na shiga wanka. Ina fitowa na iske ta rarrafa har bakin murhu, tana miƙa hannu ga tukunyar miya! Na sure ta. Shi ko ido rufe, sai kaɗa kai yake.

Na ce, "Ɗiyarka ta kusa ƙonewa!"

Ya ɗaga kunne guda ya ce, "To ai ba ta ƙone ba."

Can sai ga sallamar Baba Malam daga Hubbare. Na durƙusa na ce, "Bismillah Baba, shina ciki, karatu yake ji."

Ina shimfiɗa ma Baba darduma na sa yatsan ƙafa na fizge wayar hedifon. Kiɗa ya ɓarke ta lasifika, har da guɗa!

Baba ya dubi Baban Ummi ya ce, "Bello, wace sura ce wagga?"

Ya naɗe hedifon cikin babbar rigarshi ya tafi da shi.

Don Allah kada wadda ta kai ma ƙanwar Baban Ummi zancen ga. Har yanzu ya ɗauka Ummi ce ta ja wayar.