Ranar da na yanka zakaran baƙo

Mijina ya rasu da farkon damina, a shekarun nan da masaƙu suka fara sallamar ma'aikata, ana bin layin sabulu da madara kamar ana rabon gado. Ya bar mini ɗaki biyu na laka da rufin kwano a Unguwar Boro, da rijiya, da bishiyar gwaba. 'Yan matanmu duk sun yi aure. Namijin, shi ne babba, yana aiki a wani kamfani a Kudenda, can yake haya.

Ba a daɗe da share makoki ba yayan mijina ya zo daga ƙauye. Baba muke ce masa, mu duka. Ya zauna a kujerar marigayi ya yanke hukunci: in tattara kayana in koma ƙauye, a zuba 'yan haya a gidan.

"Matarmu," in ji shi, "mace ba miji, ba boko, zaman me za ta yi a Kaduna? Ke da ko kasuwa sai an ɗora ki a bayan keke? Ranar da kika fita ke kaɗai sai an yi cigiyarki a rediyo."

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ƙarya ya yi ba. Na haifi 'ya'yana duka a garin nan, amma hanyata uku ce: coci, kasuwar Sabon Tasha, gida. Sauran Kaduna a bakin mijina nake jin ta. Na dubi ɗana ko zai ce wani abu. Ya sunkuyar da kai yana ƙirga tururuwa. Baba ya ce zai dawo da kaka a gama maganar motar da za ta kwashe kayana.

Ana nan, maƙwabciyata, wata nas 'yar Binuwai, ta yi wa ƙaramar 'yarta abin da suke kira bazde. Shinkafa, kek, kyandir, yara cike da tsakar gida. Na tambaye ta ma'anarsa.

"Ranar da mutum ya shigo duniya ce, Mama. Ranar tasa ce. Abin da yake so shi zai ci, inda yake so nan za shi, ba mai hana shi."

"Ba mai hana shi?"

"Ko mutum ɗaya. Ke yaushe ne naki?"

Takardar haihuwa ba ni da ita. Amma uwata ta sha gaya mini ana yankan acca ta ajiye lauje a gona, kafin rana ta faɗi na fito. Ke nan ina da rana kamar kowa, acca ce ke riƙe mini ita.

Da kaka ta yi Baba ya dawo, kamar yadda ya ce. Washegarin zuwansa na ga sabuwar acca a kasuwa, na auno. Akwai jan zakara da nake kiwo, kowa a gidan ya san na baƙo ne, ranar da za a sallami Baba za a yanka shi. Da sassafe na kai shi bayan ɗaki na yanka da hannuna. Na dama gwaten acca da yakuwa da gauta da gyaɗa. Na dafa wake na zuba masa riɗi da manja, yadda ake yi a garinmu. Na soya zakaran har ƙamshi ya tsallaka katanga.

Baba ya fito yana asuwaki, fuskarsa a sake.

"Kai, matarmu, ai ba yau zan tafi ba."

"Na sani, Baba. Wannan nawa ne. Yau bazde na."

"Baz me?"

"Ranar da aka haife ni."

"Wa ya gaya miki?"

"Wadda ta haife ni."

Na zuba masa gwate da wake, na ɗora masa fiffike a kai, kada a ce na bar baƙo da yunwa. Sauran na juye a ƙananan kwanonin langa na jera a babban kwano. Na ɗaura atamfar da mijina ya kawo mini daga masaƙarsu wata Kirsimeti, na naɗa gammo, na ɗauka.

"Ina za ki da wannan kaya?"

"Zan je in gaida Kaduna. Mun daɗe muna maƙwabtaka ba mu gaisa ba."

Yana kira, ina tafiya.

A bakin titi na tsaya ina kallon motoci na kasa tsayar da ko ɗaya, ba zan ɓoye ba. Amma sai na ga ashe mota ba ta tambayar takardar makaranta. Kwandasta ne ke rataye a ƙofa yana kwarara sunan unguwa, kuma kunnena lafiyarsa ƙalau. Na ji "Kakuri! Kakuri!" na shiga, kwanona a cinya.

"Mama, kwanon nan ma fasinja ne, sai ya biya," in ji kwandastan.

"Ɗana, in ya biya sai ka ba shi kujerarsa, ni ma cinyata ta huta."

Motar ta kwashe da dariya, ya bar ni.

Kakuri na fara zuwa saboda ƙofar masaƙar da ta cinye ƙuruciyar mijina. Na tsaya a gabanta. Katanga doguwa, hayaƙi a sama, kekuna jere kamar awaki a turke, ƙarar injin tana shiga mutum ta tafin ƙafa. Ashe wannan ce ta toshe masa kunne, ni ina gida ina cewa ya raina maganata. Maigadin, wani dattijo mai carbi, ya san shi. Da na faɗi ko ni wace ce ya miƙe ya ba ni bencinsa. Na buɗe langa. Aka busa jiniya, ma'aikata suka fito da auduga a gashin kai, waɗanda suka yi aiki da shi suka kewaye ni. Suka ci wake suna ba ni labarinsa, har da wanda ban taɓa ji ba, wai shi ne mai ba su dariya a wurin aiki. Mutumin da a gida sai a yini bai ce uffan ba!

Daga nan na bi wata mota zuwa babbar gadar kogin Kaduna. Ban haye ba. Na tsaya a bakinta na leƙa ruwan, ja wur, yana tafiya abinsa ba ya neman izinin kowa. Masu wanki sun shanya kaya a kan duwatsu. Na zauna a gefe na ci ƙirjin zakarana a hankali, ina kallon motoci, ina lasar yatsa. Tunda nake ban taɓa cin ƙirjin kaza ba, kullum na maigida ne ko na baƙo.

Saura cinya, ita kuwa ta ɗana ce. Kudenda na nufa. A inda ake sauya mota na ƙi tambaya, don kada in buɗe baki maganar Baba ta tabbata. Na ga wata mata da kwando ta shiga bas, na ce wannan ta yi kama da mai zuwa Kudenda, na bi ta. Aka yi ta tafiya, gidaje suna raguwa, gonakin masara suna ƙaruwa. Da kwandasta ya ce kowa ya sauka, ashe Romi ce, ba Kudenda ba.

To, na ɓata. Na tsaya na saurara ko sama za ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Akwai wata mai suyar ƙosai a gindin mangwaro, daga jin Hausarta 'yar Filato ce. Na zuba mata gwate a murfin langa. Ta kai baki ta lumshe ido.

"'Yar'uwa, accan bana ce wannan!"

"Ita ce. Yau bazde na, kuma na ɓata."

Ta yi dariya har ta kusa kifar da mai. Ta kwatanta mini hanya dalla-dalla, ta tsayar mini da mota da kanta, ta ja wa direban kunne.

Rana ta karkata lokacin da na isa ƙofar kamfanin su ɗana. Aka kira shi. Ya fito da gudu, ya zaci mutuwa aka yi.

"Mama! Wa ya kawo ki?"

"Wa ka gani a bayana?"

Ya duba bayana kuwa, sakarai. Na miƙa masa cinyar. Na lissafa masa inda na je, har Romi ban rage ba. Ya ci yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Bari in nemi izini in raka ki gida."

"Koma bakin aikinka. Na kawo kaina, zan mai da kaina. Abu ɗaya nake so: ranar Lahadi ka zo gida, ka zo da bakinka, kada ka bar shi a Kudenda kamar wancan karon."

Na isa Unguwar Boro kaji suna shiga akurki. Baba yana bakin ƙofa, ya tara maƙwabta ana shawarar inda za a fara nema. Na sauke kwano, na gaishe shi har ƙasa yadda ya kamata. Sannan na ce masa a gaban kowa, ba da faɗa ba, cewa gidan nan da ni aka kwaɓa lakarsa, ni na ɗebo ruwan, kuma ba inda za ni.

Ranar Lahadi ɗana ya zo. Ya dubi Baba ya faɗa: "Baba, a bar Mama a ɗakinta." Baba ya ce mun haɗa baki, ya ce birni ya lalata mu, ya ɗauki jakarsa ko ruwa bai sha ba.

Bai sake taka gidan nan ba. In na aika masa gishiri da sabulu yana karɓa, gaisuwa ce ba ya amsawa. Da ya rasu, ni kaɗai na je tasha na shiga mota har ƙauye. Na yi masa kuka na gaskiya, don ɗan'uwan mijina ne. Aka yi biso, na zauna makoki tare da matansu. Da aka watse na kama hanya na dawo gidana.