Hoton da Hanatu Ba Ta Ɗauka Ba

A shekarar 1998, shagon buga takardu na Hanatu Tambaya a Sabon Garin Gusau yana da kujera biyu, benci ɗaya, fanka mai fiffike uku, da kwamfuta guda wadda ɗalibai kan shafa wa cuta da faifansu kusan kowane wata. Hanatu 'yar Bungudu ce, cikin sati shida ta bar tafireta ta ƙware a kwamfuta. Wani mai gyara, Lukuman, ya ƙara mata rumbun ajiyar bayanai na biyu a cikin na'urar, ya koya mata abin da yake kira ɗaukar hoto: a kwafe duk abin da ke ciki yadda yake a ranar, a adana. In ta lalace sai a mayar da hoton, ta koma wannan ranar sak. Abin da aka rubuta bayan hoton kuwa, ya tafi ke nan.

Minti arba'in aikin ke ci, in wuta ta zauna. Sai dai Hanatu tana da ƙa'idarta: ba ta ɗaukar hoton aikin da bai kammala ba. Cewa take ko gidan hoto ba a shiga da ɗankwali a karkace. Sai ta ƙare babi, ta gyara kurakurai, sannan ta ɗauka.

Da daminar ta kankama Baba Jatau ya fara zuwa daga 'Yandoto duk Asabar, a motar farko. Tsoho ne mai tamanin da ɗoriya, burinsa a rubuta zuriyarsu tun daga kakan kakansa, da gonar da kowa ya noma. Yana faɗa tana bugawa, yana ɓare gyaɗa yana zuba ɓawon a aljihu. Ya hana a fitar da komai a takarda sai an gama, kada dangi su ga rabi su tada gardama. Asabar goma sha ɗaya, shafi arba'in da uku. Hoton ƙarshe kuwa a shafi na talatin da ɗaya ya tsaya, domin babin gidan mahaifinsa ya ƙi ƙarewa, kullum sai ya tuno wani.

Asabar ta sha biyu bai zo ba. Ran Litinin aka aiko cewa Allah ya karɓi abinsa. Ran Laraba wani ɗalibi ya kawo faifai, kwamfuta ta ƙi tashi. Lukuman ya yi kwana biyu yana fama, ya ce rubutun ya dagule, babu mafita sai mayar da hoto. Hanatu ta zauna ta ƙirga mintinta arba'in. Na'ura ta farka garau, da shafi talatin da ɗaya. Sha biyu sun tafi, mai su yana ƙasa.

Ranar sadakar bakwai ta fitar da shafukan da suka rage a takarda, ta nufi 'Yandoto. Ta durƙusa gaban Inna Delu, ƙanwar mamacin, ta faɗi gaskiya, har da maganar ɗankwali. Tsohuwar ta sa ta karanta abin da ya rage, tana saurare ido a rufe.

"Ke ɗiyata, ina matan?" in ji ta. "Maza kaɗai anka haifa a gidanga? Jatau dai har ya mutu bai iya ƙirga ba. Ɗauko alƙalaminki."

Yamma uku Hanatu ta yi a tabarmar Inna Delu. Shafi sha biyu suka koma sha tara, da mata sittin da huɗu da garuruwan da aka kai su, har Kwatarkwashi. Amma iyakar gonaki huɗu Delu ba ta sani ba, babu kuma wanda ya sani. Hanatu ta bar musu layi huɗu fari a littafin.

Daga ranar, ba mai tashi daga bencinta sai an ɗauki hoto, a karkace ko a miƙe. Yau 'yarta Zuwaira tana da manhajar da ke aiki kamar wata kwamfuta a cikin kwamfutarta, ta ɗauki hoto cikin daƙiƙa uku, ta koma duk ranar da ta so. Hanatu takan leƙo ta tambaye ta ko ta ɗauka. Littafin yana nan cikin adakar Hanatu, takan buɗe shi a daidai layukan nan huɗu.