Hula a Bakin Garmaho

Jiya a kanti, mai sayar da lasifika ya ƙure mata murya har gilashi na rawa, wai in ji ƙarfinta. Na ce, "Rage, ɗana. Ta ɗaki nake nema, ba ta biki ba. Ni a ƙasa-ƙasa nake gane mai kyau."

Tun zamanin Nasara na koyi wannan gwajin. Ina sabon ango a Magariya, na sayo garmaho daga Kano da gumina na fataucin gyaɗa, ba gado ba. Matsalar ɗaya ce: katanga kawai ta raba ɗakina da na surukina, limamin unguwa. In ya ji kiɗa daga gidana, da wane ido zan dube shi? Shi ya sa a wurin saye na cusa hulata a bakin guda uku, na ɗauki wanda muryarsa ba ta mutu ba.

Shekara biyu muna saurare ni da mai ɗakina, hula a ciki, ƙofa a rufe.

Ran nan bayan la'asar na durƙusa gaida surukina, sai ya ce, "An ce mini hula kake cusa wa akwatin nan."

Na ce, "Allah gafarta Malam, yau zan rabu da shi."

"Wa ya ce ka rabu da shi? Cire hular kawai. Shekara biyu ina manna kunne a katanga, wuyana ya gaji."

Allah ya jiƙan Malam. Na sayi lasifikar, amma har yau hannuna ragewa ya iya. Ku fa, wa kuka taɓa ɓoye wa abin da ashe shi ma yana so?