Ramin Siminti a Gidan Kawu Idi

Mayahi zuwa Tasawa

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na bar gida da cokalin gini da igiyar awo a buhu. Ƙanin mahaifiyata ne, Kawu Idi, mai dafa mazarƙwaila a wani ƙauye kusa da Hawandawaki, ya aiko in je in duba masa aiki. Mota ba ta cika ba sai bakwai. Jandarma suka tsayar da mu sau ɗaya, suka duba katin kowa. Tara da kwata muka shiga Tasawa, na karya da kunu da ƙosai a tasha.

Tasawa zuwa Hawandawaki

Ɗan kabu-kabu ya nemi jika uku. "Malam, isansi ta yi tsada, ga rairayi," in ji shi, yana nufin man fetur. Muka daidaita a biyu da rabi, kuma sau biyu na sauka na tura babur ɗin.

Kafin ido ya ga wurin, hanci ya riga ya sani. Na tarar da san Kawu guda ɗaya yana juya injin matsar rake. Ruwan wankin tukwane da kumfar da ake kwashewa daga ruwan rake duk tabkin makiyaya suke gangarawa. Tabki ya yi baƙi ya yi tsami, awaki biyu suka sha, cikinsu ya kumbura, suka mutu. Maigari ya yanke: ko ramin siminti da zai tare ruwan kafin kasuwa biyu, ko a kashe murhu.

Na auna, na ce siminti buhu goma sha biyu, ladana kuwa na yafe.

"Mi? Sha biyu?" Kawu ya riƙe haɓa. "Ɗana, ashe ruwan da nike zubarwa ya hi wanda nike saidawa tsada?"

"Haka awo ya ba da, Kawu."

Washegari ya tafi kasuwa da sassafe, ya dawo da siminti a amalanken haya. Ban tambayi inda ya samu kuɗin ba. Kwana biyar muka yi, maigari ya zo ya gani, ya ce a ci gaba da dahuwa.

Komawa

Ranar tafiya na je sallama, sai na tarar da Kawu da matarsa Inna Hajo sun sa ƙirji a doguwar sandar injin matsar rake, suna zagaye. Aikin dabba ne wannan, ba na mutum ba.

"Kawu, ina sanka?"

"Ga shi can cikin rami, kai ka shahe shi da cokali." Bai tsaya ba.

Na iso Mayahi da la'asar sakaliya. Godiya ga Allah da ya dawo da ni lafiya, godiya ga Kawu da ya cusa min mazarƙwaila uku a buhu. Yara suka cinye, ni ban iya kai ta baki ba.