Kauce da Fatalwar Tsohon Kurkuku

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata. Kowa a ƙofar tsohon kurkukun nan Kauce yake kiransa, domin tun yana saurayi kalmar da ke bakinsa ke nan. Zai jera baƙi a gaban ƙofar ƙarfe, ya ɗaga kyamara, ya kanne ido ɗaya, sannan ya daka wa duk wanda ya gifta tsawa: "Kauce!" Yaro ne, mai gadi ne, ko manaja da kansa, duk ɗaya ne a wurinsa.

An daina kulle mutane a kurkukun tun kafin a haife shi. Gidan tarihi aka mai da shi, ana shiga da tikiti. Mutane kan ce sarƙoƙi da ɗakuna marasa taga suka zo gani, amma gaskiyar magana fatalwa suke nema. An ce waɗanda suka mutu a ciki ba su tafi ba. Sai a ɗauki hoto lafiya lau, a wanke, a ga ɗigon haske a saman bene, ko inuwa tsaye inda ba kowa. Kauce ya san ƙura na yin haka, fim ɗin da ya sha rana ma yana yi. Duk da haka bai taɓa musu da kowa ba, don wanda ya tsufa a cikin waɗannan ɗakuna ba ya saurin cewa babu.

A nan ya samu matarsa. Shara take yi a doguwar barandar ciki. Bahaguwa ce, kafaɗarta ɗaya a karkace saboda faɗuwar da ta yi tana yarinya. Duk duniya ba wanda ya sha "Kauce" kamarta, tunda barandar nan ce baƙi suka fi so a ɗauke su a ciki. Takan ja tsintsiyarta ta laɓe bayan ginshiƙi tana dariya.

"Ni dai maigida, yaushe za ka ce in tsaya?"

"Fim na baƙi ne. Ke da kullum ina ganinki? Bari ranar hutu, ki ci kwalliya."

Ranar hutu kuwa ita ce ranar ciniki.

Sun daɗe suna jiran haihuwa. Da ta zo, sai ta tafi da uwar ta bar jaririyar. Bayan an share makoki surukarsa ta ce ya ba ta hoto ɗaya ta ajiye wa yarinya. Ya zazzage akwatuna, ya ɗaga fim ɗaya bayan ɗaya yana haskawa a rana. Dubban fuskoki ne na mutanen da bai san sunansu ba, amma tata babu, ko na katin aiki, don ba a yi wa masu shara kati. Surukar ta zuba masa ido. Kallonsa kawai ta yi, kuma da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Yarinyar ta girma, ta zama tela. Lokaci zuwa lokaci takan tambaya, "Baba, da wa take kama?" Ya ce, "Da ke." Ya san ba haka ba ne sosai, amma shi ma fuskar ta fara kuɓuce masa. Idan ya kamo idanun, sai bakin ya gudu. Wayoyi suka kashe sana'ar, ya koma zaman benci kusa da mai gadi. Sai kuma ido ya fara hazo, likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, ba gyara. Ba makantar ce ta fi tsorata shi ba, sai dai shiga cikinta ba tare da fuskar nan ba.

A shekarar aka kawo sabon manaja mai son talla. Ya sa aka yi shela cewa duk mai hoton da wani abu ya fito a ciki ya aiko. Cikin waɗanda aka aiko har da wani tsohon hoto daga wata tsohuwa, da hatimin Kauce a bayansa. Aka ƙara masa girma, aka rataye a zauren shiga.

"Tashi ka ga aikin hannunka," in ji mai gadi. "Wallahi wannan kam ba ƙura ba ce."

Kauce ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Mata da miji ne tsaye a barandar ciki, sun fito tas. A barandar an hana kunna fitilar kyamara, don haka yakan bar idon kyamarar a buɗe na ɗan lokaci. Wanda ya tsaya cak zai fito, wanda ya motsa sai ya zama hayaƙi. A bayan ma'auratan, dab da ginshiƙi, ga wata farar inuwa, ana hango bango ta cikin jikinta. Kafaɗa ɗaya a karkace. Wani dogon abu a hannun hagu. Ga kuma ciki ya turo gaba.

Nan take ya gane ta.

Washegari ya zo da 'yarsa. Zauren cike yake, samari na ta shewa, suna cewa ga fatalwa mai ciki. Ya kama hannunta ya kai ta gaba, ya ɗora yatsa a gilashin.

"Ga mahaifiyarki. Ke ce nan a ciki."

Ta daɗe tana kallo. Inda fuska ya kamata ta kasance, shafe yake, kamar an goge da tsumma.

"Baba, fuskar fa?"

"Juyawa take yi," ya ce. "Ni na ce ta kauce."

'Yar ba ta yi kuka a wurin ba. Ta sa tafin hannunta a kan kafaɗar nan mai karkata, ta bar shi a nan. Shi kuwa ya ci gaba da ƙura ido, ko Allah zai sa hazon idonsa da na hoton su haɗu su ba shi wani abu. Ba su ba shi komai ba.

Daga bayansu wani saurayi ya ɗaga waya, ya gaji da jira.

"Baba, don Allah ɗan kauce mana."

Ya ja hannun 'yarsa, suka koma gefe.